Albashi daga Legas, aiki a Suame: wata bakwai da ƙasa biyu suka nema wa haraji

Wata Juma'a a farkon Agustan 2025, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya biyo ni gida a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, riƙe da leda cike da takardu. Fuloti ya saya a bayan gari, ya je yin rajistar takardun mallaka, aka ce sai ya kawo shaidar biyan haraji daga GRA, hukumar tara kuɗin shiga ta Ghana. A zatonsa aikin rabin sa'a ne. Ya zazzage ledar a kan tabarma, sai ga takardun albashi na wata da watanni, kowacce da layin da ke nuna abin da aka cire.

"Kawu, ga su nan. Ni ba a bina ko sisi. Tun a Legas ake yanke mini haraji kafin kuɗin ya shigo. Wasiƙa kawai za ka rubuta mini in kai musu."

Na ce, "Wasiƙa ba wuya, ɗana. Amma faɗa mini, bara a ina ka fi kwana?"

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin ta kawu. Ni kuwa shekara talatin na yi ina riƙe wa 'yan kasuwar Adum da Kejetia littattafan kuɗi, na san duk lamarinsa a kan wannan tambayar ya rataya. Da izininsa nake rubuta wannan, ban da sunansa da na kamfanin, don akwai irinsa da yawa a zangunanmu, daga Asawase har Nima: albashi na fitowa daga wata ƙasa, mai albashin yana zaune a wata.

Yadda aikin yake

Haifaffen Kumasi ne, fasfonsa na Ghana, shekarunsa 41. A 2021 ya samu aiki da wani kamfanin Legas mai sayar da batir da man inji, aka ba shi kula da ɓangaren sayarwa. Shekara uku yana zaune a Agege, a ɗakin da kamfanin ya kama masa, ba ya zuwa gida sai da Sallah. Matarsa da yara uku suna nan Aboabo tare da Hajiya, mahaifiyarsa. A ƙarshen 2023 ƙafafun Hajiya suka matsa mata, ya ce zai ajiye aiki ya dawo. Maigidan nasa ya ƙi. Ya ce ai suna da diloli a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyaran mota ta Kumasi, masu karɓar kaya bashi, kuma babu mai bin kuɗin. Ya zauna Kumasi ya riƙa zagaya su, bayan wata biyu ko uku ya leƙo Legas a yi lissafi. Albashi bai canja ba, naira miliyan 1 a wata, cikin asusunsa na bankin Najeriya. Da baki aka yi wannan magana. Takardar ɗaukar aiki tana nan yadda take, tana cewa wurin aikinsa Legas.

Kowa ya ga alheri a tsarin, har da ni, don na yi murna da dawowarsa. Ban tambaye shi zancen haraji ba a lokacin, kuma wannan sakacina ne.

Abu na farko da muka yi shi ne ƙidayar kwanaki. Dare biyu muka kwashe muna bin hatiman fasfonsa ɗaya bayan ɗaya, na Aflao a iyakar Ghana da Togo, na iyakar Togo da Benin, na Seme a iyakar Benin da Najeriya. Inda hatimi ya goge ko ya hau kan wani, muka koma tikitin mota da saƙonnin MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, domin wanda ya biya kuɗin waakye a Asawase ran Talata ba a Agege ya wayi gari ba. Shekarar 2024 kwana 366 ce. Muka samu 212 a Ghana, 146 a Najeriya, 8 a hanya tsakanin Lome da Kwatano. In an dunƙule, wata bakwai a nan, biyar a can.

Abin da Ghana ke cewa

Dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mai lamba 896, tana fara tambayar ko mutum mazaunin Ghana ne. Wanda ya yi kwana 183 ko fiye a ƙasar cikin wata goma sha biyu mazauni ne, ko ɗan ina ne shi. Ɗan ƙasa kuwa ba ya fita daga wannan layi sai in yana da gida na dindindin a waje kuma can ya zauna shekarar gaba ɗaya. Ta kowace ƙofa aka bi, ɗan Hajiya mazauni ne. Mazauni kuma, a ƙa'ida, ana duba abin da ya samu ko'ina a duniya.

Da na kai nan sai ya zabura. "Kenan har na shekarun da nake Agege za su tono?"

A'a. Dokar ta keɓe albashin da mazauni ya samu ta hanyar aikin da ya yi a wata ƙasa, in dai wanda ya ɗauke shi aikin ba mazaunin Ghana ba ne. Saboda haka albashinsa na 2021 zuwa 2023 Ghana ba ta da rabo a ciki, haka ma na wata biyar ɗin da ya yi a Legas cikin 2024. Wannan sassauci ne babba, kuma shi ya sa direbobinmu da maginanmu da ke aiki a Abidjan ko Saudiyya ba su taɓa jin an taɓa su ba. Amma sassaucin a ƙafa yake ɗaure. Ranar da ɗan Hajiya ya shiga Suame da littafin bashi a hammata, aikin a Ghana ake yin sa, albashin ranar kuma kuɗin da aka samu a Ghana ne, ko da bankin da ya biya yana Ikeja. Doka ba ta canja ba tsakanin 2023 da 2024, kamfani bai canja ba, albashi bai canja ba. Wurin kwanansa ne kawai ya canja, sai rawa ta bi kiɗa.

Abin da Najeriya ke cewa

Akantan kamfanin bai yi kuskure ba da ya ci gaba da yankewa. A dokar da ke aiki a 2024, wato dokar harajin mutane ta 1993 da gyaran 2011, albashi ana ɗaukarsa daga Najeriya ya fito in an yi aikin a can ko da wani ɓangare ne, ko kuma in mai biyan albashin yana Najeriya. Duka biyun sun kama shi. Harajin albashi a Najeriya kuma na jihohi ne, ana duba inda mutum yake da mazauni ran 1 ga Janairu. Ɗakin Agege yana nan da sunansa, shi ya sa kuɗin ke tafiya wa hukumar harajin Jihar Legas, LIRS, kafin 10 ga kowane wata.

To ga inda aka kwana: wata biyar na Legas babu gardama, na Najeriya ne. Wata bakwai na Suame kuwa akuya ɗaya ce da mahauta biyu, kowannensu da wuƙarsa, kowannensu kuma da doka a bayansa.

Lissafin

Don a iya kwatantawa na ɗauki sidi 1 a kan naira 100, kusan inda canji ya yi ta kai-komo a 2024 kenan. A fom ɗin gaske wata-wata muka juya kuɗin da farashin Bankin Ghana, amma bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma lambobi masu sifiri sun fi sauƙin bi. Albashin shekara naira miliyan 12, wato sidi 120,000.

A Legas an fara cire kashi 8 na fansho, naira 960,000, saura 11,040,000. Sai rangwamen da kowane ma'aikaci ke samu a tsohuwar doka, naira 200,000 da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, ya kama 2,408,000. Abin da ya rage, 8,632,000, shi ake hawa da shi tsani: kashi 7, 11, 15, 19, 21, wanda a kan miliyan 3.2 na farko ya tashi 560,000, sauran duka kuma kashi 24. Jimla naira 1,863,680, kimanin sidi 18,640, wato kashi 15.5 na albashin. Abin da takardun cikin ledar suka nuna kenan, daidai wa daida.

Na kuma lissafa masa abin da zai biya da a ce kamfanin Kumasi ne ke ba shi wannan albashi shekarar gaba ɗaya. A jadawalin da ya fara aiki a Janairun 2024, sidi 5,880 na farko babu haraji, 1,320 na gaba kashi 5, sai 1,560 kashi 10, sai 38,000 kashi 17.5. Daga sidi 46,760 an shiga kashi 25, ana nan har a wuce 238,000 kafin a ga 30, sai 35 ga masu wajen 600,000 zuwa sama. In an cire kashi 5.5 na SSNIT, asusun fanshon ma'aikata na Ghana, harajin sidi 120,000 ya kama 23,532, kashi 19.6.

A lokacin mutane kan kwatanta ƙasashen biyu da ƙololuwar tsani, su ce Ghana 35 Najeriya 24, su girgiza kai. Wannan kwatancen bai shafi mai albashi irin na ɗan Hajiya ba, don shi a can 24 yake, a nan 25, tazarar maki ɗaya. Abin da ya raba su shi ne rangwame. A 2024 Najeriya tana ɗauke kashi ɗaya cikin biyar na albashi ta ajiye gefe kafin ta fara lissafi. Ghana kuwa rangwamenta ƙayyadaddun kuɗi ne, kuma ƙanana: sidi 1,200 ga mai iyali, 600 ga kowane yaro ɗan makaranta har uku, 1,000 ga mai riƙe da tsoho. Su ma sai ka nema, ba a ba ka su haka kawai. Na sha ganin ma'aikata masu 'ya'ya biyar da suka yi ritaya ba su taɓa cike wannan fom ba.

Yanzu ainihin lamarin. Albashin wata bakwai sidi 70,000 ne. Babu SSNIT da za a cire, don ba wanda ya zuba masa. Rangwamensa na mata, yara uku da Hajiya ya kama 4,000, saura 66,000. Harajin Ghana a kai sidi 11,682. A kan waɗannan watanni bakwai ɗin kuma Legas ta riga ta karɓi abin da ya kai sidi 10,870. In aka haɗa duka, shekarar ta ci masa sama da sidi 30,300, kwata guda na albashinsa. Da ya zauna Legas ɗungurungum da 18,640 ya biya. Da kamfanin Kumasi yake yi wa aiki da bai wuce 23,532 ba. Raba ƙafa ya fi kowanne tsada.

Ya yi shiru, sannan ya kawo abin da kowa ke kawowa a wannan gaɓa. "Kawu, na ji ana cewa in ka biya a waje ana rage maka a gida."

Ana ragewa, gaskiya ne, kuma nan ne na fi daɗewa ina yi masa bayani don nan mutane ke faɗawa rami. Dokar Ghana ta yarda mazauni ya cire harajin da ya biya wa wata ƙasa daga abin da ake binsa a gida, amma a kan kuɗin da aka samu a waje. A idon Ghana albashin Suame ba kuɗin waje ba ne, nata ne, a ƙasarta aka yi gumin. Ba za ta janye daga abin da take ganin haƙƙinta ne na farko don wata ƙasa ta riga ta kai hannu ba. Kuɗin da Ghana ta yarda na waje ne, wato na wata biyar, dama ta yafe shi, babu abin ragewa. Rasit ɗin Legas da ya cika leda da su shaida ce mai kyau, sai dai a Legas take da amfani, in an je neman a maido.

Takarda, da lokacinta

Biyan kuɗi daban, shigar da bayani daban. Ma'aikacin da bai taɓa aiki sai a wuri ɗaya ba yakan manta da haka, don ofis ne ke yi masa komai. A Ghana kamfani na miƙa abin da ya yanke kafin 15 ga watan da ke biye, mutum kuma yana da wata huɗu bayan ƙarewar shekara, wato zuwa 30 ga Afrilu, ya shigar da bayanin kuɗin shigarsa. A Najeriya kamfani na shigar da bayanin ma'aikatansa kafin 31 ga Janairu, mutum kuma nasa kafin 31 ga Maris. Ɗan Hajiya bai taɓa yin ko ɗaya ba, can ko nan.

Akwai kuma na uku da ko ni sai da na koma na duba. In mai ba ka albashi ba ya cikin waɗanda dokar Ghana ta ɗora wa yankewa, kamar kamfanin da ba shi da reshe a ƙasar, nauyin yana dawowa kanka. Kai za ka ƙiyasta abin da za ka samu, ka riƙa biya kashi huɗu, ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba, tamkar mai shago. Shi da yake ganin kansa ma'aikaci, a littafin GRA sahunsa ɗaya da mai sayar da taya a Suame.

Rajista ba ta ba mu wahala ba, domin tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar mai biyan haraji, kuma ta intanet ake cike fom ɗin. Wahalar a gida take. Da Hajiya ta ji ana zancen zuwa ofishin gwamnati da fasfo, sai ta aiko a kira ni.

"Kai da nake ganin kana da hankali, za ka kai mini yaro ya tono abin da yake kwance? Su suka neme shi?"

Na ce, "Yaya, ba su neme shi ba, shi yake neman takardarsu. Fulotin ba zai zama nasa a rubuce ba sai da ita."

Ban ga laifinta ba. Tana da shekara goma sha biyu lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, a ƙarshen 1969. Ta ga maƙwabta da aka haifa a unguwar nan suna ɗora tukwane a kan manyan motoci. Mutanen zamaninta sun tashi da cewa wanda gwamnati ba ta san da shi ba ya fi kwanciyar hankali. Mu kuma da muka yi aiki da takarda mun ga ɗaya fuskar: a 1969 ɗin ma wanda ba shi da takarda shi ya hau mota.

Ran 25 ga Agusta muka shigar da bayanin 2024, kwana 117 bayan wa'adi. Tarar jinkiri a dokar gudanar da haraji ta 2016 sidi 500 ce, da ƙarin sidi 10 a kowace rana, ta kama 1,670. Sai kuɗin ruwa a kan harajin da ba a biya a kan lokaci ba, wanda ake lissafawa da kashi 125 na farashin ruwan Bankin Ghana. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Yulin 2025 farashin yana kashi 28, wato 35 kenan a kan mai jinkiri. Wannan ya fi tarar ci masa rai, mutumin da ko asusun ajiya mai ruwa ba ya buɗewa.

Amma babban dukan daga kasuwar canji ya zo, inda babu wanda za a kai ƙara. Bashin da sidi aka rubuta shi, albashinsa kuwa da naira yake zuwa. Tsakanin Afrilu da Yunin 2025 sidi ya yi wani irin tashi, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10. Sidi 1 da yake naira 100 ya koma wajen 140. Harajin 11,682 da zai ci masa naira miliyan 1.17 da ya biya a cikin shekararsa, yanzu sai da ya nemi sama da miliyan 1.6. In aka ɗora tara, kusan abin da ke shiga hannunsa na wata biyu da rabi ne. A daidai lokacin kuma albashin nasa, da yake kaiwa sidi 7,600 a hannu, ya zube zuwa 5,500, alhali kuɗin makaranta da maganin Hajiya da sidi ake biya. Maƙwabta na murnar sidi ya yi ƙarfi, shi yana lissafin abin da zai sayar. Babur ɗinsa ya tafi, ni ma na taimaka da abin da ya sawwaƙa.

Wasiƙar da kamfani ya ƙi rubutawa

Hanyar maido da kuɗin Legas ɗaya ce. A Disamban 2018 shugabannin ECOWAS sun amince da dokar hana karɓar haraji sau biyu tsakanin ƙasashen ƙungiyar, Najeriya kuma ta fitar da umarnin aiwatar da ita a 2023. Ƙa'idar da irin waɗannan yarjejeniyoyi ke bi a kan albashi sananniya ce: ƙasar da mutum yake zaune ita ke da haƙƙi, ɗayar ba ta da rabo sai a kan aikin da aka yi a cikinta. Ghana tana da irin wannan da Ingila tun 1993, da Faransa da Jamus da Afirka ta Kudu. Abin dariya, ɗan zangon da ke aiki a Landan ya daɗe da sanin matsayinsa, wanda ke tsakanin Kumasi da Legas, hanyar da kakanninmu suka bi da goro tun kafin a ja iyaka, shi ne sai kwanan nan. Yarjejeniya kuma ba ta aiki da kanta. Sai ka kawo shaidar cewa kai mazaunin Ghana ne daga GRA, da shaidar ka biya a nan, da wasiƙar kamfani mai faɗin kwanakin da ka yi aiki a kowace ƙasa.

Biyun farko mun samu. Wasiƙar ce ta tsaya. Sau uku yana kiran akantan, ana ce masa maigida ya yi tafiya. Shi yana ganin wulaƙanci ne, ni kuwa na gane abin da suke gudu. Duk kamfanin da ya sa hannu cewa ma'aikacinsa ya yi kwana 212 a Kumasi yana karɓar oda yana bin bashi da sunansa, ya rubuta da hannunsa cewa yana kasuwanci a Ghana ta hannun wakili. Dokar Ghana na iya ɗaukar wannan tamkar reshe, reshe kuma ana binsa harajin riba, wanda ga yawancin kamfanoni kashi 25 ne, a kuma ɗora masa yanke harajin albashi da zuba SSNIT, kashi 13 daga aljihunsa. Abin da ke maslahar yaro shi ne barazanar maigida. A ganina ba mugunta ba ce tun farko, rashin tunani ne, an yi shiri da baki don a taimaki mai jinyar uwa. Amma da abin ya fito fili, barin ma'aikaci ya ɗauki nauyin shi kaɗai bai yi mini daɗi ba, na kuma faɗa wa maigidan haka da bakina ranar da ya yarda muka yi waya. Na ce, "Alhaji, yaron nan bai ɓoye maka inda yake ba, kai ka ce ya zauna." Ya ce zai tuntuɓi mai ba su shawara. A Nuwamba wasiƙa ta zo, layi huɗu, ta faɗi kwanakin da ya yi a Legas ba ta ambaci Kumasi ba. Mun karɓa haka, don 146 daga 366 lissafi ne da kowa zai iya. Da ita aka shigar da buƙatar maidowa.

Zancen fansho na taɓa masa shi sau ɗaya na bari, don kansa ya riga ya ɗau zafi. Kashi 8 nasa da 10 na kamfani suna taruwa a Najeriya da naira. SSNIT kuwa sai mutum ya zuba na wata 180 kafin ya cancanci fansho na wata-wata, shi kuma na shekara shida kawai yake da su daga aikinsa na farko. A Aboabo zai tsufa, in Allah ya kai shi.

Sabuwar dokar Najeriya

Ana cikin haka ƙasa ta motsa a can. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, suka fara aiki ran 1 ga Janairun 2026. An soke rangwamen kashi 20, aka kawo na kuɗin haya, kashi 20 na hayar da mutum ya biya amma kada ya wuce naira 500,000. Tsanin ya koma haka: 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba 18, sai 21, 23, da 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A kan albashinsa, bayan fansho, ya kama naira 1,777,200, ragin da bai kai 90,000 ba a shekara. Tarar ƙin shigar da bayani kuma ta zama naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa.

Ragin bai dame ni ba kamar yadda sabuwar dokar ta fayyace wane ne mazaunin Najeriya. Ban da mai kwana 183, ta haɗa da wanda yake da wurin zama na dindindin da aka tanadar masa a ƙasar. Ɗakin Agege kenan, mai katifa ɗaya da fanka, wanda yake rufe wata bakwai a shekara. In aka ƙidaya shi mazauni a can, alhali Ghana ma ta ƙidaya shi a nan, gardamar ta tashi daga ta wata bakwai ta koma ta shekara sukutum. Ga wanda ba mazauni ba kuwa, sabuwar dokar aikin da aka yi a cikin Najeriya take dubawa, abin da a karatuna ya fi masa sauƙi a kan tsohuwar. Na ba shi shawara ya maida makullin. Ya yi jinkiri, don a ɗakin ya yi shekara uku kuma maƙwabtan sun zama 'yan'uwa, amma a Disamba ya kwaso kayansa cikin jaka biyu. Yanzu in ya je, masauki kamfanin ke kama masa na kwanakin, da rasit.

Kason Satumba da na Disamban 2025 ya biya su a kan lokaci, tare da cike giɓin Maris da Yuni. Takardar shaida ta fito, fulotin yana kan layin rajista. Daga Legas ba a ce komai ba tukuna a kan naira miliyan ɗaya da 'yan kai da muke nema. Gabanmu akwai 31 ga Maris a can da 30 ga Afrilu a nan, fom biyu, kuɗi iri biyu. Na saya masa ƙaramin littafi mai bangon kwali na rubuta kwanaki, ya bar shi a wurina don ya ce shi zai ɓatar. Daren jiya ya turo mini hoton hatimin Seme ta WhatsApp, na buɗe shafin Fabrairu na rubuta.